Makullin Cibiyar Taya: Sharhi a kan Tattalin Mai da Tsadar Sauyi a Ƙasar Ƙonni da Adar

Daga cikin mas'alolin da direbobi da makanikai suka daɗe suna saɓani a kansu a tashoshin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela (Illelar Adar nake nufi, ba ta Sakkwato da ke ƙetaren iyaka ba), akwai mas'alar ɗan makullin nan da ake gani a tsakiyar tayoyin gaba na motocin kat-kat, wanda direba kan sauko ya murɗa da hannu idan zai shiga rairayi ko taɓo, ya kuma sake murɗawa idan ya hau kwalta. Wasu suna cewa duk motar da ba ta da shi asarar mai kawai take yi, don haka wajibi ne mai ita ya kai ta gareji a cire abin da ta zo da shi a sa mata na hannu. Wasu kuwa suna ganin bidi'a ce ta masu neman kuɗin aiki, wadda ba ta mayar wa mutum ko rabin abin da ya kashe. Da yake kowane ɓangare yana da hujjar da ba a raina ta, ga kuma mai ya zama abin da ake auna shi da lita bayan an daɗe ana ɗurarsa da jarka, ya kamata a zauna a warware zancen a natse, a ga inda gaskiya ta fi rinjaye.

Asalin lamarin shi ne, galibin motocin da muke kira kat-kat, irin su Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da tsofaffin Hilux, ba kullum suke ja da taya huɗu ba. A kan hanya mai kyau tayoyin baya ne kaɗai inji yake turawa, na gaba kuwa bi suke yi, sai an ja ƙaramar giya sa'an nan ƙarfi ya isa gare su. To amma idan tayar gaba a ɗaure take da aksul ɗinta ɗauri na dindindin, ko da inji bai aiko mata da ƙarfi ba, juyawar da take yi a kan hanya ita ce za ta juya sandar aksul, sandar ta juya gaɓoɓin da ke ba taya damar karkata, su kuma su juya haƙoran da ke cikin tukunyar tsakiyar aksul suna iyo cikin mai mai kauri, daga nan har farfelar gaba ta kama juyi, alhali duk wannan wahala ba ta ƙara wa motar ko taki ɗaya ba. Misalinsa kamar injin niƙa ne da aka bari yana ruri ba a zuba masa hatsi ba. Aikin makullin cibiya shi ne ya raba taya da sandar aksul: idan an murɗa shi wajen da aka rubuta Free, taya ta juya ita kaɗai a kan boris ɗinta, sauran ƙarafan su huta, idan an mayar da shi wajen Lock, haƙora su kama, motar ta koma shirye da jan taya huɗu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da motocin soja ƙirar Jeep suka cika hannun manoma da mafarauta a Amurka, wani mutum mai suna Arthur Warn, a wajen birnin Seattle, ya fara ƙera irin wannan cibiya a shekarar 1948, kuma kamfanin da ya kafa yana nan har yau da sunansa. Daga baya Japanawa suka ɗauka, har makullin da kamfanin Aisin yake yi wa Toyota ya zama shi ne ma'aunin da makanikanmu suke gwada sauran da shi. Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara fitarwa a 1984, ita ce ta fi yaɗa shi a ƙasashen Sahel, musamman bayan da aka sa mata injin gazuwal mai suna 1HZ a 1990, domin ita ce motar likita da ta ma'aikatan gona da ta ƙungiyoyin agaji, kuma idan ta tsufa a hannunsu ita ce dai take komawa motar kasuwa.

Abin da ya sa mas'alar ta yi zafi a 'yan shekarun nan sananne ne ga duk mutumin Ƙonni. Shekaru aru-aru garin yana shan fetur ɗin Nijeriya mai rangwame, wanda 'yan ruwa-ruwa suke shigowa da shi ta Illelar Sakkwato da hanyoyin daji, har ya zamana mutum bai cika damuwa da lita ɗaya ko biyu da ta salwanta a hanya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin fetur, kuɗinsa ya kusan ninka uku cikin 'yan kwanaki. Watanni biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Shi kuwa gazuwal, wanda yawancin manyan kat-kat suke sha, a nan gida tun watan Agusta na 2022 aka ɗaga shi daga sefa 538 zuwa 668 kowace lita, sa'an nan a watan Yuli na 2024 hukuma ta sauko da shi zuwa 618, fetur kuma daga 540 zuwa 499. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, ta wayi gari tana ɗauke da nauyin da a da kasuwar bayan fage take rage mata, kuma dogayen layukan da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025 sun isa shaida. Wanda ya kwana a layi saboda lita ashirin, ba abin mamaki ba ne ya fara duban kowane ƙarfe na motarsa da idon tuhuma.

To, nawa ne haƙiƙanin abin da makullin yake tserarwa? A nan ne masu sayar da shi sukan wuce gona da iri. Ƙarafan da yake hutarwa ba sa ɗauke da kaya, juyin banza kawai suke yi, saboda haka ƙarfin da suke ci kaɗan ne idan aka gwada shi da wanda ake kashewa wajen tura mota mai nauyin tan biyu ko uku, da keta iska, da murza tayoyi huɗu a ƙasa. Ragin yana nan, ba ƙarya ba ne, amma na 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari, irin wanda iskar gabas ta hunturu ko buhu biyar na ƙari kan iya shafe shi a tafiya guda har direba ya rantse bai ga bambanci ba. Bari mu yi ƙiyasi, bisa sharaɗin cewa misali ne na lissafi, kowa ya sa adadin motarsa a gurbin nawa. Mu ƙaddara mota tana shan lita 13 a kilomita 100, mu kuma ƙaddara makullin yana rage kashi 3 cikin ɗari. Abin da ya tsira bai cika rabin lita ba a kowace kilomita 100, watau wajen sefa 240 a farashin 618. Daga Ƙonni zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne, zuwa da dawowa 840, ribar tafiyar duka jika biyu (watau sefa dubu biyu) da 'yan kai. Idan motar tana cin kilomita 20,000 a kan kwalta cikin shekara, ta tserar da wajen lita 78, kusan jika 48; idan kuwa 5,000 kaɗai take yi a kwalta, sauran duk a daji ne inda dole makullin ya zauna a kulle, abin bai wuce jika 12 ba. Wanda aka ce ya kawo jika 100 na kaya da aiki, na farko zai fanshe kuɗinsa cikin shekara biyu da ɗoriya, na biyu kuwa sai ya haura shekara takwas, in motar ta kai.

Ashe ke nan hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowa, ya danganta da hanyar da motar take ci, kuma ƙasar nan tamu hanya iri biyu gare ta waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai babbar kwalta da ta taso daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi, ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi, da reshenta da ya balle a Tsarnawa ya bi ta Badagishiri zuwa Tawa. Motar ɗan kasuwa ko ta ma'aikaci da rayuwarta take kan waɗannan, wadda ba ta sauka sai nadiran, ita ce makullin hannu ya fi yi wa amfani. Sa'an nan akwai ɗaya duniyar, ta kwarin Magiya da fadamun albasa na Galmi da Dogarawa, da gonakin noman rani na Ƙonni da ake shayarwa daga madatsun Mozage da Zango, da tuddan duwatsu da ƙoramun ƙasar Illela wajen Tajaye, da rairayin yamma wajen Allela da Bazaga. Motar da take kwaso buhunan albasa daga bakin gona zuwa inda manyan motoci suke lodi, ko take bin kasuwannin ƙauye mako-mako, daga watan Yuni zuwa Satumba kusan kullum a kulle cibiyarta take, da rani ma rairayi bai bar ta ta huta ba. Mai irin wannan mota idan ya sayi makulli don tattalin mai, ya sayi abin da ba zai samu sukunin buɗewa ba.

Bayan hanya sai nau'in motar, kuma a nan ne jahilci ya fi cin kuɗin mutane, domin ba kowace kat-kat ce take karɓar wannan sauyi ba. Wadda ta fi sauƙi ita ce mai ja da baya wadda aka rufe cibiyarta da faranti na dindindin, ko aka sa mata makulli mai kama kansa. Wannan kwance kusoshi shida ne a kowane gefe, a cire, a ɗora na hannu, aikin da makanike mai hankali yake gamawa kafin azahar. Sai kuma wadda kamfani ya riga ya yi mata dabara a cikin aksul, kamar tsarin da Toyota ta shigo da shi wajen 1989 mai suna ADD, wanda yake raba sandar gefe ɗaya da kansa idan an fita daga giyar taya huɗu, ta yadda farfelar gaba da babban haƙorin tukunya suke tsayawa ko da sandunan gefe suna juyi. Yawancin Hilux na zamanin nan haka suke, watau an riga an ci rabin ribar tun daga masana'anta, ragowar da makullin hannu zai ƙaro ƙanƙanuwa ce, alhali sauyin yakan bukaci a canja sanduna da mazaunin boris, kuɗin ya ninka sau da yawa. Ta ƙarshe ita ce mai jan taya huɗu dare da rana, kamar Land Rover Defender, da Prado, da yawancin Land Cruiser jerin 80 da 100. Waɗannan suna da tukunya ta uku a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma idan aka buɗe cibiyoyin gaba ba a taɓa ta ba, ƙarfin duka sai ya zurare ta wajen da babu nauyi, inji ya yi ta kuka mota tana tsaye. Kafin makulli ya yi aiki a kansu sai an buɗe akwatin giyar an sauya cikinsa, an mayar da motar abin da maƙeranta ba su nufa ba, an kuma raba ta da riƙon hanya da take da shi a kan burji da lokacin ruwa. A ganina wannan israfi ne da aka yi wa rawanin tattali.

Akwai wata hujja ta masu goyon bayan makullin wadda ta fi ta mai ƙarfi, ko da yake ba a cika kawo ta a gaba ba, ita ce ta lalacewar kaya. Gaɓoɓin sandar gaba da robobin da suke rufe su, da boris na farfela, da robobin da ke tare mai a tukunya, kowannensu yana da adadin juyin da zai yi kafin ya gaji, kuma ƙurar Adar ba ta jin kunyar shiga inda roba ta tsage. Motar da take zuwa Yamai da cibiya a buɗe ta hutar da waɗannan duka na tsawon tafiyar, sitiyarinta ya yi sauƙi, gunjin gaba da karkarwa su ragu. Har wa yau idan sandar gaba ta karye a daji, mai makullin hannu yana iya buɗe cibiyoyinsa ya lallaɓa da tayoyin baya har gari, wanda kuwa tasa a ɗaure take sai ya kwana yana kwance-kwance. Idan aka haɗa kuɗin gaɓa ɗaya ta asali da kwanakin da mota za ta yi a gareji tana jiran a kawo ta daga Sakkwato ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sai a ga wannan maslaha ta fi ta litocin da muka lissafa nauyi.

Amma makullin hannu yana da sharuɗɗa, kuma duk wanda ya ba yaro mota ya san sharaɗi ya fi kaya wuyar samu. Dole a kulle shi tun kafin a shiga wuri mai wuya, domin wanda ya bari sai da ya nutse a lakar Magiya, zai sauko cikin taɓo har gwiwa yana laluben makullin da laka ta rufe, wani lokaci ma haƙoran su ƙi kamawa sai motar ta ɗan motsa, ita kuwa ba ta motsi. Dole a kulle duka biyu, don kulle ɗaya daidai yake da rashin kullewa. Ba a jan giyar taya huɗu mota tana gudu alhali cibiya a buɗe take, sai haƙora su ci juna. Ba a kuma sa babbar giyar ƙarfi da cibiya a buɗe a ɗora wa aksul ɗin baya nauyin da aka yi don a raba shi biyu. Idan an fito kwalta wajibi ne a fita daga giyar taya huɗu, domin a busasshiyar hanya tayoyin gaba da na baya ba sa tafiya daidai a kwana, ƙarafan sai su murɗe har wani ya karye. Toyota da kanta ta yi wasiyya a littafin motocinta cewa a riƙa kulle cibiya ana tafiya kamar kilomita 16 a kowane wata, don mai da giris su zagaya kayan gaba kada tsatsa ta kama su. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa yin haka da gangan? Ga kuma makaniken da yake ganin alheri ne ya cika makullin da giris har baki, alhali shafawa kaɗan yake so, idan ya yi yawa sai ya haɗu da ƙura ya daskare, makullin ya nuna a kulle yake alhali bai kama ba.

Saboda waɗannan dalilai ne nake ganin motar ɗaukar marasa lafiya tana da hukunci na daban. Direban da aka tasa da tsakar dare ya ɗauko mai naƙuda daga wani ƙauye zuwa asibitin Galmi ko na Ƙonni, a zamanin da ba kowa yake son tsayawa a daji da dare ba, bai kamata a ɗora masa tunanin sefa 240 ba. Ya kulle cibiyoyinsa tun farkon damina ya bar su, ya riƙa shiga giyar taya huɗu yana fita daga inda yake zaune. Barin cibiya a kulle ba ya ɓata komai muddin giyar tana kan taya biyu, ɗan mai ne kawai da ɗan gajiyar ƙarfe, kuma wannan farashi ne mai sauƙi a kan rai.

Game da makulli mai kama kansa kuwa, wanda ake samu a wasu Nissan Patrol da Mitsubishi da tsofaffin motocin da aka shigo da su na hannu, a nan ina tare da masu cewa a sauya. Illarsa ita ce yakan saki idan mota ta ja da baya, sa'an nan ya sake kamawa da ƙarfi idan ta yi gaba, kuma gaba da baya shi ne ainihin abin da direba yake yi idan ya kafe a rairayi. Idan irin wannan ya fara ƙara ko ya ƙi kamawa, mayar da shi na hannu ya fi sayen irinsa, ko ba a ambaci mai ba sam.

Sai dai a kula da abin da za a saya. Kasuwa ta cika da makullai masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kwali, cikinsu kuwa ƙarfe ne mai taushi da roba, kuma ba sa mutuwa a kan kwalta inda ba a bukatarsu, sai a tsakiyar ƙorama lokacin da nauyin motar duka ya hau kansu. Tsohon makulli na asali da aka ciro daga motar da ta mutu, aka wanke, aka duba haƙoransa, aka sa masa sabuwar takardar tare ruwa, ya fi sabo na jabu nesa ba kusa ba. A kuma tsaya a ga an mayar da 'yan zobban nan masu tsini da ke ƙarƙashin notuna, an ɗaure daidai, don sakacinsu ne yake sa kusoshi su gutsure a hanya.

Wani abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai yi mako yana ciniki a kan makulli, alhali tayoyinsa ba su da isasshiyar iska tun saukowarsa daga rairayi, ya tula kaya a kan rufi har sun fi motar tsayi, matatar iskarsa ta toshe da ƙurar hunturu, yana kuma taka mota kilomita 120 a awa tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki, idan gudu ya ninka biyu ita sai ta ninka huɗu, don haka sauka daga 120 zuwa 90 kaɗai yana tserar da abin da ya fi na makulli, kuma ba a biyan ko tamma. Haka nan man da aka gauraya, da bututun feshin mai da suka gaji, kowannensu ɓarnarsa ta fi ta sandar da take juyin banza.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne, wanda motarsa ta zo da makullin hannu, ya buɗe shi duk lokacin da zai yi doguwar tafiya a kwalta, ya kulle shi sau ɗaya a wata, domin riba ce da ba a saya ba. Wanda tasa mai faranti ce ko mai kama kanta, kuma yawancin tafiyarsa tsakanin Ƙonni da Tawa da Maraɗi da Yamai ce, ya sauya, da kayan asali, yana mai sanin cewa lafiyar kayan gaba ce babbar ribarsa, mai kuwa ƙari ne. Mai sabuwar Hilux, da mai Prado ko Land Cruiser mai jan huɗu kullum, da mai motar da ba ta rabuwa da fadama da ƙorama, su bar motocinsu yadda suke, su kai kuɗin wajen taya mai kyau da matatar iska da gyaran bututun mai.